Tirombon: Kakakin Da Ake Zugewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 6 ga Maris a Accra ya san ƙahon nan na tagulla da mai busa ke miƙawa yana janyewa. Sunansa tirombon, kalmar Italiyanci mai nufin babban kakaki. A Turai aka ƙera shi tun ƙarni na 15, ya daɗe a coci da fadar sarakuna kafin Beethoven ya sanya shi cikin babban kiɗansa na biyar a 1808. Daga baya makaɗan jaz na Amurka suka rungume shi.

Mu a Ghana ta hannun sojan mulkin mallaka muka san kiɗan badujala, daga nan ƙahonin suka shiga kiɗan hailaif. Da Louis Armstrong ya zo Accra a 1956, inda E.T. Mensah ya tarbe shi, Trummy Young ne ke busa masa tirombon.

Ya bambanta da kakakin fada da kakanninmu suka sani, wanda muryoyinsa kaɗan ne. Bututun tirombon ya kai ƙafa 9 idan aka warware shi, kuma mazuginsa na da matsayi 7. Duk sa'ad da aka ƙara miƙa shi, sai murya ta ƙara kauri. Babu alama a jikinsa, don haka kunne ne jagoran hannu.

Malami kan fara da koya wa yaro karkaɗa leɓɓa a bakin ƙahon, sannan jan numfashi daga ciki da riƙe murya guda ta daɗe. Ƙaramin yaro hannunsa ba ya kai matsayi na 6 da na 7, sai ya ƙara girma.

To, ina matsalarmu? Mu matasan zango muna ganin yaran makarantun mishan sun riga mu, domin can akwai ƙahoni da malamai. A wurinmu kuwa wasu iyaye na ɗaukar busa roƙo ne kawai. Alhali rundunar soja da ta 'yan sanda suna da ƙungiyoyin badujala, kuma wanda ya iya karanta rubutun kiɗa ya fi kusa da samun gurbi.

Muna kira ga sarakunan zango da masu hali su taimaka da ƙahoni ko da kwance ne, a nemo tsofaffin sojan badujala su koyar da ƙannenmu bayan an taso makaranta. Da zaman banza gara aikin kishiya.