Tsarabar Ƙauye: Kwikwiyon Tsintuwa Sai Da Allura

Da zarar kaka ta yi, ma'aikatan Kano da Kaduna kan yi haramar ƙauye ran Juma'a da yamma, su ɗan huta da hayaniyar birni. A can maza na ɗaurin dammunan gero, mata na sussuka, yara na kora awaki kiwo. Ran Lahadi sai a juyo da tsarabar gyaɗa da kabewa, wani lokaci har da kwikwiyon da yara suka tsinta a bakin gona, ba uwa, yunwa ta galabaitar da shi.

Ceton dabba aikin lada ne, kuma a ƙauye kare ma'aikaci ne, shi ke gadin garke, shi ke korar birai daga gona. To, amma wanda ya tsinci kwikwiyo bai san abin da ya kashe uwarsa ba. Ciwon haukan kare ta yawu yake shiga mutum, ko da cizon ɗan kaɗan ne, in kuwa alamunsa suka bayyana da wuya a tsira.

Saboda haka a fara kai shi asibitin dabbobi. Akan yi wa kwikwiyo allura yana da wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana haɗa wannan allura.

In ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Rigakafi dai ya fi magani.