Ranar Maris Ba Ta Isa Shuka Ba: Aikin Lambun Gida a Ingila

A Ingila, da zarar watan Maris ya kama, sai ka ga mutane sun fito bayan gida da cebur da manjagara. Yini ya fara tsawo, kuma a Lahadin ƙarshe ta watan ake tura agogo gaba da awa ɗaya, don haka ma'aikaci yakan dawo gida da sauran haske. Shaguna sun cika da irin shuka da buhunan taki. A nan ne sabon shiga, musamman wanda ya taso a ƙasar zafi, yake yin asara.

Rana takan haska, amma ƙasa ba ta bar sanyin hunturu ba. Da dare, idan gari ya yi garau babu gajimare, raɓa takan daskare a kan ganye. Ruwan da ke cikin ɗanyen tsiro sai ya zama ƙanƙara ya farfasa shi daga ciki. Da safe ka tarar da tumatirinka ya yi baƙi ya langaɓe. A kudancin ƙasar wannan haɗari yakan kai watan Mayu, can arewa da Sikotilan kuwa har farkon Yuni. Manomin da ya taɓa yin shuka a ruwan farko, sannan fari ya biyo baya, ya san irin wannan yaudara.

Shi ya sa masu lambu ke raba shuka gida biyu. Albasa da karas da waken Turawa suna jure sanyi, ana iya sa su a ƙasa tun Maris ko Afrilu, idan ɗuminta ya kai wajen digiri 7. Ba sai da na'urar awo ba: in ciyawa ta fara tsirowa da kanta, ƙasa ta farka. Tumatir da tattasai da attaruhu kuwa a ɗaki ake rainonsu, cikin ƙananan mazubai a bakin taga, domin irinsu yana son ɗumin digiri 18 zuwa sama. Kuɓewa da alayyafo, waɗanda mutanenmu mazauna can ke marmari, sun fi su raki. Kafin dashe, sai an yi mako ɗaya ko biyu ana fitar da su da rana, ana mayar da su da dare, har su saba. Dankalin Turawa ma jera shi ake yi a kiret ɗin ƙwai kusa da haske, ya yi tsiro tukuna.

Ita ma haƙar ƙasa ba a yi mata garaje. Damƙi ƙasa a hannu ka matse. In ta dunƙule tana maƙalewa a yatsu, bar ta ta sha iska. Yawancin ƙasar Landan yumɓu ce. Ka tattaka ta tana jiƙe, ta bushe kamar tubali, saiwa ta rasa hanya. Gara ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a sama, tsutsotsi su ja shi ciki.

Akwai kuma doka, wadda baƙi da yawa ba su sani ba. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu muddin yana amfani da ita, don haka a leƙa cikin shinge kafin a sa masa almakashi, tun daga Maris har Agusta. Ciyawar tsakar gida kuwa, a yankan farko sama-sama kawai ake yi mata. Shara ba a cinna mata wuta yadda aka ga dama, don hayaƙi na iya sa maƙwabci ya kai ƙara. Ƙananan hukumomi na kwashe ganye da rassa a mazubi na musamman, da yawansu kuma sai an biya kuɗin shekara.