Maganin Da Ya Daina Ci: Shirin Gwamnati Da Makiyayan Funtuwa Da Malumfashi

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda noman masara da dawa da auduga yake tafiya tare da kiwo, da wuya a shiga gidan da babu akuya ko kaji ko shanun huɗa. Wannan kusanci na mutum da dabba shi ya sa shirin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ya shafi yankin ƙwarai da gaske.

Asalin matsalar kuwa shi ne, duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyin ne suke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har wata rana maganin ya daina ci. Kafson nan na tetracycline da ake saye a kemis babu takardar likita, ɗan'uwansa ne ake yi wa shanu allura da shi, ake kuma zuba wa kaji a ruwan sha. Ƙwayoyin da suka saba da shi a jikin dabba suna iya isa ga mutum ta nono da nama da ƙwai, da takin da ake kaiwa gona.

Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa wannan bijirewa ta hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma ɓarnar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarinta a 2015, Nijeriya ta tsara nata na 2017 zuwa 2022 a ƙarƙashin jagorancin Hukumar NCDC, sa'an nan a 2024 aka ƙaddamar da na biyu, wanda zai kai 2028. Ginshiƙinsa shi ne a ɗauki lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli abu guda. Ya tanadi wayar da kan jama'a, da ƙarfafa ɗakunan gwaji, da rigakafi da tsabta, da kuma taƙaita amfani da magani ga inda ya wajaba.

To, amma takarda a Abuja ba ta warkar da saniya a ruga. Makiyayin da ba ya ganin malamin dabbobi, dole ya koma ga mai kasa magani a rana ranar kasuwa. Kuma ba zai zubar da nonon saniyar da aka yi wa allura ba, har kwanakin jira su cika, sai an fahimtar da shi dalili.

Saboda haka nasarar shirin tana hannun Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomi, waɗanda ya kamata su ƙara malaman dabbobi, su yawaita allurar rigakafi, su haɗa kai da Hukumar NAFDAC wajen sa ido a kasuwanni. Idan aka yi sake, maganin da ya gaza a garke zai gaza a gadon asibiti.