Sauya Injakta Da Kafireta: Sauƙi A Gareji, Tsada A Gidan Mai

Tun daga shekarun 1990, lokacin da motocin Beljiyam suka cika kasuwannin Nijeriya, kanikawa suka saba cire injakta daga ƙananan motoci irin su Golf 3, suna ɗaura kafireta a madadinta.

A Turai, masu sha'awar tsere kan ɗaura kafireta biyu domin ƙarin gudu. Amma ga direban da ke jigilar fasinja da hatsi tsakanin Mugulbu da kasuwar Mubi a Jihar Adamawa, guda ɗaya ta wadatar, domin sauƙin gyara yake nema. Injakta ta dogara ne da na'urar lantarki, kuma gurɓataccen mai yakan toshe ta. Kafireta kuwa kowane bakanike yana iya kwance ta ya wanke a bakin hanya.

Sai dai kafireta ta fi shan mai. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da Naira 500 a wannan yanki. Abin da mai mota ya rage a gareji, a gidan mai yake biyansa kullum. Araha dai ba ta ado.