Ko Kun Sani? Ana Ɗura wa Kwamfuta Ruwan da Ya Fi Ƙanƙara Sanyi Don Ta Ƙara Gudu

Akwai masu sha'awar kwamfuta da ke tilasta wa ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, gudun da ya zarce wanda kamfani ya tsara mata. Matsalar ita ce zafi: da an ƙara mata wuta sai ta ɗau zafin da fanka ba za ta iya da shi ba.

Gwanayen gasar ƙara wa kwamfuta gudu sukan cire fankar, su ɗaure wata tukunyar jan ƙarfe a kan furosesar, su riƙa tsiyaya mata ruwan naitirojin daga fulas. Sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili, yana taɓa ƙarfen sai ya tafasa, farin tururi ya turnuƙe teburin. Kafin nan sai an shafe kewayen furosesar a kan allon kwamfutar da basilin, domin raɓar da sanyin ke tarawa tana iya haɗa wuta ta ƙone komai.

A Disambar 2022 wata tawaga ta kamfanin ASUS ta kai furosesar Intel Core i9-13900K gudun gigahaz 9.008, karo na farko da aka haye 9. Kamfanin Intel kuwa gigahaz 5.8 ya yanka mata. Su kam 'yan tawagar naitirojin bai ishe su ba, sai da suka koma ga ruwan hiliyam mai digiri 269 ƙasa da sifili.

Kada mai karatu ya yi kwaɗayi: irin wannan gudu na ɗan lokaci ne, a tabbatar da lamba kawai. Don aikin yau da gobe, fanka mai kyau ta wadatar.