Kokawa da Dambe ga Mai Ciwon da Ba Ya Jin Ɗori

A ƙasar Yauri kokawa ba baƙuwa ba ce. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun yi suna da ita tun suna zaune a tsibiran kogin Kwara, kafin ruwan madatsar Kainji ya cinye gungunansu a 1968, aka mayar da da yawansu tudu. Har wani Ba'amurke masanin al'adu, Frank Salamone, da ya yi bincike a yankin a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu na musamman a kan yadda kokawa ke bambanta Bagunge da maƙwabtansa. Dambe kuwa gadon mahauta ne, da kaka ake ɗaure hannu, kalangu na tashi. Yanzu ga kareti da takwando sun shigo, musamman tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ɗauko azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016.

Duk waɗannan wasanni sun san targaɗe, sun san gocewar ƙashi da karaya da fashewar leɓe. An kuma san inda ake kai su: wurin maɗori, a gasa da ruwan zafi, a huta, a dawo fage. Amma akwai ciwon da ba ya jin ɗori. Matashi ya farka da asuba yatsunsa sun sage, ya kasa riƙe buta, ya kasa ɗaure mazagin wando, sai rana ta ɗaga sannan su ɗan saki. Ɗan dambe da hannu ɗaya yake duka. In gajiyar naushi ce, hannun da ake ɗaurewa ne zai yi tsami. To in hannun da yake karewa da shi ma ya kumbura, gaɓa da gaɓa daidai da ɗan'uwansa, kuma abin ya haura mako shida, zancen ya wuce na maɗori.

Likitoci na kiran irin wannan ciwon garkuwar jiki mai juyowa kan mai ita. Aikin garkuwar jiki shi ne ta yaƙi ƙwayoyin cuta. A nan sai ta rikice ta far wa gaɓoɓi, ko fata, ko ƙoda, ko hanji, kamar karen gida da ya daina gane mutanen gidan. Ire-irensa sun haura 80. Akwai amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda asibiti ke kira rumatoid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Akwai lufus, wanda tara cikin goma na masu shi mata ne, kuma ya fi tsananta ga baƙar fata. Akwai ciwon sukari nau'i na ɗaya, mai kama yara da matasa. Ba a ɗaukar su daga wani, ba jifa ba ne, ba kuma sammun abokin karawa ba, ko da yake a bakin fage wannan ne bayanin da ya fi saurin samun shiga. Halin da yawansu shi ne su tashi, su lafa, su sake tashi. Ba a raba mutum da su gaba ɗaya, amma ana kwantar da su har ya yi shekaru yana harkokinsa.

A da, shawarar likita ita ce a kwanta, kada a wahalar da gaɓa. An bar wannan ra'ayi. A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2003: masu rumatoid 309 aka raba gida biyu, rabi suna motsa jiki mai ƙarfi sau biyu a mako har shekara biyu, rabi suna kan kulawar da aka saba. Masu motsa jikin suka fi iya hidimar yau da kullum, ciwon kuma bai ƙara tashi ba. Sai dai an lura cewa waɗanda manyan gaɓoɓinsu suka riga suka lalace sosai, nauyin na iya ƙara musu ɓarna. A 2018 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta sa motsa jiki cikin ainihin magani. Dalilin a fili yake. Tsokar da ba ta aiki zubewa take yi, gaɓar da ba ta da tsoka mai tallafa mata kuwa ita ke ɗaukar kowane nauyi. Ga shi kuma kumburin da ya daɗe a jiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Sai dai atisaye daban, karawa daban, kuma a nan ne masu sha'awar wasan ke yaudarar kansu. Mafi yawan abin da ɗan wasa ke yi kafin ranar fage ba ya cutar da mai wannan ciwo in ya lafa: taku da kaucewa, naushin iska, miƙe jijiyoyi, tsugunne da tashi, jerin motsin da 'yan kareti ke yi su kaɗai ba abokin gaba. Taici, wasan Sinawa da ake yi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, an sha gwada shi ga masu ciwon gaɓɓai, ba a kuma ga yana tayar da ciwon ba. Mutumin Yelwa ko Wara ma yana da tuƙin kwalekwale, wanda duk mai kallon bikin Rigata ya san abin da yake yi wa kafaɗa da baya. Iyo ya fi kowanne sauƙi ga gaɓa, illa dai gefen tafkin Kainji ba ya rasa tsargiya, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga wanda ƙodarsa ke cikin haɗari.

Ranar fage kuwa wani abu ne. A dubi yadda ake ɗaure hannu: a dunƙule shi, a naɗe da ƙyalle, a bi da zare zagaye bayan zagaye ana ja ana tamkewa, tun daga yatsu har ya wuce wuyan hannu, sai ya koma tamkar dutse. Ƙananan gaɓoɓin yatsu da na wuyan hannu, waɗanda rumatoid ke fara ci, su ne ke cikin wannan ɗauri, su ne kuma za su karɓi kowane duka har turmi uku ko a yi kisa. Gaɓar da ke da kumburi, ƙashinta ya fara zaizayewa, ba ta da abin da za ta jure wannan da shi.

Kokawa ta fi dambe taushi a ido, amma haɗarinta ga mai rumatoid ya fi ɓuya. Ciwon kan sassauta jijiyar da ke riƙe ƙashin wuya na farko da na biyu, can ƙarƙashin ƙeya, wani lokaci ba tare da mutum ya ji komai ba. Riƙon wuya ɗaya, ko kaye ɗaya da ka, na iya danne lakar da ke ratsa wurin, a tashi da shanyewar jiki ko abin da ya fi haka. Hoton wuya na nuna wannan. Mai lufus shi kuma rana ce abokiyar gabarsa, don haskenta na tayar da ciwon, ga shi zafin Yelwa a watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Wasu masu lufus ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi musu ƙaranci, wasu suna shan maganin tsinka jini irin wafarin. Gare su naushi a ka na iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ga kowa ba. A garin Rochdale na Ingila akwai wani ɗan dambe mai suna Muhammad Ali, ba shahararren na Amurka ba, wanda ke da ciwon sukari nau'i na ɗaya tun yana ƙaramin yaro. Hukumar damben Birtaniya ta fara hana shi lasisi, sai a 2018 ta ba shi, ya zama na farko mai wannan ciwo da ya samu, bayan an gamsu cewa yana iya lura da sukarinsa. Abin da ake tsoro shi ne sukari ya faɗi ana tsakiyar wasa: rawar jiki, gumi, jiri, rikicewar tunani, abubuwan da ɗan kallo zai ɗauka zafin naushi ne. Yakan kuma faɗi cikin dare, sa'o'i bayan an tashi daga atisaye. Saboda haka a auna kafin a fara da bayan an gama, a ajiye sukari ko dabino kusa, kuma wani a wurin ya san halin da ake ciki. Allurar insulin ba ta son zafi. Inda babu firji, sanyin randar ƙasa na taimakawa.

Babban abin tsoro dai ba a fage yake ba, a kantin kyamis yake. Ɗan wasa an raine shi a kan cewa namiji ba ya raki. Ya ji gaɓa ta riƙe, sai ya aika a haɗo masa, a ƙunso ƙwayoyi kala-kala a leda, cikinsu da firednisolon ko deksametason, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Kwana biyu ya ji garau, ya ɗaura hannu. Ciwon bai tafi ba, rufe shi aka yi, gaɓa na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. In aka daɗe ana sha, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su hau, fuska ta kumbura, kan ƙashin cinya na iya mutuwa har tafiya ta gagara. Wanda ya daɗe a kansa kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, likita ne ke rage masa sannu a hankali. Diklofenak da danginsa, a sha su a shiga rana ana zuba gumi ba a shan ruwa, ƙoda ce ke biya, ban da gyambon ciki. A nan laifin iyayen gidan 'yan wasa da masu horarwa ba kaɗan ba ne. Wanda ya ga yaronsa na ɗingishi kowace safiya, ya ce masa “daure, yaro, ai haka maza suke,” ya san abin da yake gani, so yake dai wasa ya yi armashi.

Maganin da ke kwantar da ciwon daga tushe daban ne, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Metotireset sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuskuren nan na kashewa. Ba a shan sa da juna biyu, kuma ana bibiyar jini da hanta. Haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da aka sani, shi ne ginshiƙin maganin lufus, ana duba ido lokaci-lokaci. Kafin a fara masu ƙarfi daga cikinsu akan gwada mutum ko yana da ciwon hanta nau'in B ko tarin fuka. Da yake wasunsu na rage ƙarfin garkuwa, makero da ƙurajen da 'yan kokawa ke shafa wa juna, da ɗan yankan da wani zai share da ƙasa, sukan zama babban al'amari, zazzaɓi kuma ba a jiran sa ya kwana biyu.

Likitocin wannan fanni ba su da yawa a Najeriya, kuma a manyan asibitocin koyarwa suka taru. Daga babban asibitin Yelwa, hanyar takan bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko a zarce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci, amma watannin farko na ciwon su ne masu muhimmanci: gaɓar da ta riga ta karkace ba ta miƙewa da magani.

Ga wanda ciwonsa ya lafa ya koma atisaye, masu gashin ƙashi na asibiti suna da ma'auni mai sauƙi: in zafin gaɓa ya wuce sa'a biyu bayan an gama, an zarce, gobe a rage. Gaɓar da ta yi zafi ta kumbura, motsi kaɗan ake mata, ba a ɗora mata nauyi. Da safe jiki a sage yake, don haka yamma ta fi, in rana ta yi sanyi. A gaban likita kuma kada a tsaya ga cewa ana ɗan motsa jiki. A faɗa masa kokawa ce, ana kama wuya, ko dambe ne, ana dukan kai, don da wannan zai san ko ya tura a ɗauki hoton wuya ko a ƙirga ƙwayoyin jini kafin ya ce a shiga ko a dakata.