Dajin Jozani, Inda Biri Ke Cin Gawayi

A tsibirin Unguja, wanda shi ne babba cikin tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, akwai wani daji mai suna Jozani, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da birnin Zanzibar. Tun a ƙarni na 19 aka sare akasarin dazuzzukan tsibirin domin gonakin kanumfari da kwakwa, kuma Jozani shi ne mafi girman abin da ya saura. A shekara ta 2004 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 50, sannan a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da take kulawa da su.

Mu da muka saba da ƙaya da gawo, abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne inuwa. Itatuwan sun haɗe kai sama, rana ba ta isowa ƙasa sai kaɗan-kaɗan, ƙasar kuma tana da laima, don ruwa na nan kusa ƙarƙashinta. Da manyan ruwan sama, daga watan Maris zuwa Mayu, wasu hanyoyin dajin kan cika da ruwa, saboda haka mai niyyar zuwa gara ya zaɓi wani lokaci. Ba a shiga sai da ɗan jagora.

Amma ba don itatuwa mutane ke yin tururuwa ba, don wani biri ne mai jan baya da farin gashi a tsaye bisa kai, wanda asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai. Ƙidayar da aka bayyana a 2017 ta nuna sun haura 5,800 da kaɗan. Ba shi da babban yatsa a hannu sai ɗan guntu, cikinsa kuwa ɗaki-ɗaki ne kamar na dabbobi masu tuƙa, domin ganye da ɗanyun ƴaƴan itace ne abincinsa. Abin mamaki, birran da ke zaune kusa da gonaki suna cin gawayi. Ganyen mangwaro da na wani itace da ake kira mkungu suna ɗauke da abin da ke wahalar da ciki, masana kuma na ganin gawayin ne ke tsotse shi. Har wurin da ake ƙona gawayi sukan je su ɗauka.

Da harshen Suwahili ana kiransa kima punju, wato birin dafi, kuma sunan ya isa ya gaya mana irin zaman da ke tsakaninsa da mutane. Manomi yana kallo birrai su hau kwakwarsa su cinye ƴaƴan tun suna ƙanana, doka kuma ta hana shi taɓa su. Ga dajin da kakanninsa ke saran itace da farauta an ce ya kiyaye. Duk wanda ya taɓa kwana gadin gona ba zai ga laifinsa ba in ya ji haushi. Mun san irin wannan a Kure ta Nijar, inda raƙuman dawa ke kiwo kusa da wake da gero.

Dabarar da aka yi ita ce ware wani kaso na kuɗin shiga a mayar wa ƙauyukan da ke kewaye, a biya manoman da birrai ke yi wa ɓarna, a kuma yi ayyuka irin na makaranta da ruwan sha. Ba mu ce ta warware komai ba, har yanzu ana saran itace da ƙona gawayi a wajen gandun, don mai iyali ba ya dafa tuwo da wa'azi. Sai dai a ganinmu wannan rabo ne ya sa birran suka sami sararin da suke zaune kusa da mutum ba tsoro. Damisar Zanzibar ba ta sami wannan gata ba: an yi imani matsafa ne ke kiwonta suna tura ta cuta, aka bi ta da kisa bayan juyin juya halin 1964, kuma yau ana ɗaukar ta ƙare.

Baƙo ma da nasa haƙƙin. Ana umartarsa ya tsaya kimanin mita 3 daga birran, kada ya ba su abinci, kada kuma mai mura ya matsa kusa, domin cutar mutum tana kama su. Titin mota ya ratsa wurin, kuma sai da aka yi tudun rage gudu aka sami sauƙin take su.

Ziyarar kan ƙare a gefen ƙauyen Pete, inda aka shimfiɗa gadar katako cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, waɗanda suke kira mikoko. Saiwoyinsu a waje suke kamar ƙafafu, suna riƙe gaɓa kada teku ta cinye ta, ƙananan kifaye kuma a cikinsu suke girma kafin su fita inda masunta ke jiransu. Idan ruwa ya janye, sai ka ga ƙaguwa ta cika taɓon tana kai da kawowa.